Babi na Bakwai: Idan Tsoho Ya Ɗaga Sanda

Ghuddwa ƙaramin gari ne na dabino a kudu da Sabha, kan hanyar da ta nufi Murzuk, a yankin Fezzan na ƙasar Libiya. Wannan yanki ya san ƙafar Bahaushe tun zamanin ayarin raƙuma, lokacin da fatake ke ɗauko turkuɗi da jar fata daga Kano su haye sahara da su. Ta Murzuk ɗin ma matafiyi Heinrich Barth ya bi a 1850 kafin ya iso Kano a 1851. Yanzu motoci sun gaji raƙuma, ana tashi daga Agadas a bi ta Dirku da Madama da Gatrun, kuma a gonakin Fezzan ba a rasa mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa, masu ban ruwa da hawan dabino da kiwo. Yawancinsu 'yan ci-rani ne. Amma akwai waɗanda farin shekarun 1970 ya koro, suka zo suka zauna, suka yi aure suka haifa, har tsufa ya cim musu a can.

A irin waɗannan gidaje, kamar dai a Fagge ko Tudun Wada, akan sami abin da ba a son maƙwabta su ji. Dattijon da aka sani da kawaici, wanda bai taɓa ɗaga wa matarsa murya a gaban yara ba, ya fara mantuwa. Da farko carbi ne da mabuɗi, daga baya sunayen jikoki, daga baya hanyar masallaci. Iyali sun ce gigin tsufa ne, sun yi haƙuri. Sai wata rana da la'asar sakaliya ya naɗe tabarmarsa ya ce gida zai tafi. Ɗansa ya tare ƙofa ya ce, "Baba, ai nan ne gida." Tsoho ya dube shi kallon baƙo, ya ɗaga sanda ya sauke masa a kafaɗa.

Zafin sandar ba ya kai zafin da ke biyo baya. Ɗan yana tambayar kansa laifin da ya yi, uwargida tana kuka a ɗaki, wani na cewa sammu ne, wani na cewa iska ce ta shige shi a gona.

Cutar mantuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma faɗa da zargi suna cikin alamominta da aka daɗe da sani. A watan Nuwamba na 1901 aka kai wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a Jamus. Abin da ya fara tayar wa mijinta da hankali shi ne kishi marar dalili: ta zarge shi da neman wata mata, tana ɓoye kayan gida, tana kururuwa cewa za a kashe ta. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya bi lamarinta har ta rasu a 1906, ya duba ƙwaƙwalwarta ya ga lalacewar da yau ake kira da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu wannan lalura sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma nau'in Alzheimer ne ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70. A ƙasar Hausa da Fezzan dole a ƙara da nau'in da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke haifarwa, domin mutane da yawa suna yawo da hawan jini shekara da shekaru ba a taɓa auna su ba. Akwai nau'in da ke cin gaban ƙwaƙwalwa, inda kunya da kamun kai suke, har a ji ashar daga bakin mutumin da ya yi shekara hamsin a sahun gaba. Akwai kuma nau'in Lewy, wanda mai shi ke ganin mutane ko yara ko dabbobi a ɗaki alhali babu kowa. Wannan na ƙarshe shi aka fi ɗora wa aljanu.

Masu binciken cutar sun ce kusan tara cikin goma na masu ita halinsu zai canza ta wata fuska kafin ƙarshen tafiya. Ba duka ke duka ba. Amma wanda ya yi, kusan kullum akwai abin da ya tunzura shi, domin ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da kalmomi suka gudu daga bakinsa, wanda ba ya iya cewa "haƙorina na ciwo" ko "ban san ka ba, kada ka taɓa ni", hannunsa ne ya rage masa. Aikin iyali shi ne su gano abin da hannun yake faɗa.

Ciwo ne farkon abin tuhuma. A 2011 wata likita a Bergen ta ƙasar Norwe, Bettina Husebø, da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi kan tsofaffi 352 masu cutar mantuwa da ke yawan rikici a gidajen kula da tsofaffi. Wani ɓangare aka riƙa ba su maganin ciwo a kai a kai har mako takwas, yawancinsu farasitamol kawai. Rikicinsu ya ragu da kimanin kashi 17 cikin ɗari, da aka janye maganin kuma ya fara dawowa. Tsohon da ya yi shekara arba'in yana hawan dabino da ɗaukar buhu, gwiwarsa da bayansa ba za su rasa abin faɗa ba. Idan aka ja shi da ƙarfi daga shimfiɗa ya kai naushi, sai a duba ko gaɓar da aka kama ce ke ciwo. Haka haƙori, da gyambon kwanciya, da farcen da ya shige nama, da cikin da ya kwana huɗu bai fita ba. A tsofaffin maza akwai riƙewar fitsari saboda kumburin mafitsara ko abin da ke ƙarƙashinta, wadda ke sa mutum ya kasa zama ya kasa tsayuwa. Yawan maganin da za a ba shi kuwa likita ne zai faɗa, musamman idan hanta ko ƙoda ba su da ƙarfi.

Sai ƙishirwa. Zafin bazara a Fezzan yakan haura maki 40, iskar gibili tana busar da jiki, wutar lantarki kuma takan ɗauke na sa'o'i. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, mai mantuwa kuma ba ya tuna ya nemi ruwa. Jikin da ya bushe yana ƙara rikita ƙwaƙwalwa. A nan akwai maganar azumi, wadda ke damun iyalai da yawa: malaman Malikiyya, mazhabar da ta fi rinjaye a Libiya da ƙasar Hausa, sun bayyana cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kallafa masa ibada ba. Barin irin wannan tsoho da ƙishirwa har magariba saboda kunyar mutane ba lada ba ne, kuma idan yana shan maganin ciwon suga zai iya zama ajalinsa.

Akwai alama guda da bai kamata a kwana da ita a gida ba. Cutar mantuwa a hankali take tafiya, wata da watanni. Idan tsoho ya birkice cikin kwana ɗaya ko biyu, yana barci da rana yana fisge-fisge da dare, bai gane abin da ya gane jiya ba, to wata cuta ce ta hau kan ta farko: ciwon sanyin fitsari, ko ciwon huhu, ko zazzaɓi, ko faɗuwar suga, ko jini da ya taru a ka bayan faɗuwar da ba wanda ya gani. Wannan na asibiti ne a ranar. Daga Ghuddwa sai a kama hanyar Sabha, inda babban asibitin kudancin ƙasar yake. Yawancin waɗannan abubuwa ana maganinsu, tsoho ya koma yadda yake kafin su zo.

Ga dattijon da ya tsufa a baƙuwar ƙasa akwai wani ƙarin nauyi. Cutar tana cin abin da aka koya daga baya kafin ta taɓa na yarinta, kuma masu jinyar tsofaffin baƙi a Turai da Ostareliya sun daɗe da lura cewa harshe na biyu yakan zube ya bar na uwa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ciniki da Larabcin Fezzan sai a wayi gari Hausar Damagaram kaɗai ke bakinsa. Jikokinsa kuwa a makarantar Larabci suka tashi. Suna masa magana bai fahimta, yana musu magana suna dariya ko su tsaya suna kallo. A ganinsa yana tsakiyar baƙi ne masu wani yare, sun rufe ƙofa, sun ɓoye masa takalmi, kuma ɗaya daga cikinsu yana ƙoƙarin tuɓe masa riga. Duk mai lafiya da ya sami kansa a wannan hali zai kare kansa.

Saboda haka wanda ya fi iya Hausa a gidan shi ya kamata ya riƙa tunkararsa a lokutan wuya, da irin gaisuwar da ya saba: "Baba, barka da yamma, ina gajiya?" Rediyo mai sashen Hausa, wanda BBC ta fara tun 1957, ko muryar Mamman Shata a waya, kan kwantar da shi fiye da dogon bayani. Karatun Alƙur'ani ma haka, kuma a nan akwai ɗan bambancin da ya cancanci kulawa: masallatan Libiya da ruwayar Ƙaluna suke karatu, shi kuwa a makarantar allo da Warshu ya tashi, da irin sautin alarammomin garinsu. Wanda kunnensa ya sha tun yana ɗan shekara bakwai shi ya fi saurin isa zuciyarsa.

Maganar "gida zan tafi" ta fi zuwa da yamma, lokacin da haske ke raguwa, inuwa ke tsawo, gajiya ta taru. Gidan da yake nufi sau da yawa na mahaifiyarsa ne, wadda ta rasu shekara talatin da suka wuce. Wanda ya ce masa "ai Inna ta rasu tuntuni" ya sabunta masa makoki, kuma gobe zai sake tambaya. Wanda ya ce "nan ne gida" ya ƙaryata abin da idonsa ke nuna masa. Gardama da mai wannan cuta ba ta da mai nasara. Abin da ya fi aiki shi ne a bi shi ta inda ya dosa: "To Baba, bari a yi magariba tukuna, ga shayi. Wai ni kam gidanku na can, a wace unguwa yake?" Sau da yawa labarin gidan ne ke biya masa buƙata. In ya matsa, a fita da shi, a zaga cikin dabino, a dawo ta ƙofar da aka fita a ce an iso. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Amurka, Naomi Feil, ta shafe rayuwarta tana koyar da wannan hanya ta amsa damuwar da ke ƙarƙashin magana maimakon gyara maganar. Wasu masu tsoron Allah kan ji nauyin abin, suna ganin kamar ƙarya ce. Ba sai an ƙirƙiri ƙarya ba. A tambaye shi, a saurare shi, a jinkirta tafiyar.

Amma fita shi kaɗai a Ghuddwa ba abin wasa ba ne. Bayan gonaki sai rairayi, kuma wanda ya ɓata a can da rani ba ya da kwana biyu. A sa ƙararrawa a ƙofa, a ɗinka masa suna da lambar waya a aljihun riga, a gaya wa maƙwabta da mai shago da liman gaskiyar abin da ke damunsa. Ɓoyewa saboda kunya ita ke sa a gan shi ya nufi bayan gari a ɗauka gona za shi.

Mafi yawan duka a wurin wanka da canza tufa da kai wa ban ɗaki yake faruwa, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin dalili. Dattijon da ya manta sunan surukarsa bai manta cewa bai kamata macen da ba tasa ba ta ga tsiraicinsa ba. Kunyar surukai tana nan daram a ƙasan mantuwa. A gidaje da yawa kuwa matar ɗa ce ake bar wa wannan aiki, saboda maza sun fita nema, sannan a yi mamaki in ya ture ta. Ɗa namiji ya yi wa ubansa wanka, 'ya mace ta yi wa uwarta. A bar masa zane a jiki, a wanke sashe-sashe, a ba shi soso a hannu ya yi abin da zai iya. A dumama ruwa, domin sanyin hunturun sahara ba ƙarami ba ne. A faɗa masa abin da za a yi kafin a taɓa shi, a zo masa ta gaba inda zai ga fuska. Kuma a rataya wankan a jikin abin da ya saba: "Baba, yau Juma'a ce, ga ruwa na kai." Hannun da ya yi alwala sau biyar a rana shekara saba'in yakan tuna buta ko da kai ya manta. In ya ƙi yau, a goge masa jiki a bari sai gobe. Ba wanda rashin wankan yini ɗaya ya kashe.

Zargin sata kuwa ya raba zumunci da yawa. Tsohuwa ta cusa kuɗinta a ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce wa mai yi mata hidima, "Ke kika ɗauka." Rantsuwa ba ta warware wannan. A ce, "Hajiya, zo mu duba tare," a san maɓoyanta, a bar mata 'yan canji a lalita, manyan kuɗi da takardu kuma a adana. Sauran dangi su sani tun wuri cewa wanda ya fi kusa da marar lafiya shi ya fi shan zargi, kada wani ya zo daga nesa ya ji magana ɗaya ya hau faɗa.

Idan kuma abin ya riga ya tashi, sanda tana sama, to lokacin lallashi da hujja ya wuce. A ja da baya inda hannu ba zai kai ba, kada a tsaya tsakaninsa da ƙofa, kada a kama masa wuyan hannu sai in zai ji wa kansa ko wani rauni. Mutum ɗaya ya yi magana, da murya ƙasa-ƙasa, sauran su fita da yara. Taron dangi a kansa, kowa na "haba Baba", ƙara masa tsoro yake yi. A ba shi minti goma ko sha biyar, a dawo da kofin ruwa kamar ba abin da ya faru, domin a wurinsa ba abin da ya faru. Tuna masa da abin da ya yi, ko hana shi abinci don ya ji, zalunci ne kan laifin da bai san da shi ba. Tun kafin irin wannan rana a kawar da wuƙa da lauje da adda. A Fezzan, inda makamai suka bazu bayan 2011, kuma aka gwabza faɗa a kewayen Ghuddwa a farkon 2019, dole a faɗi wannan ƙarara: gidan da ke da mai cutar mantuwa kada bindiga ta kwana inda hannunsa zai kai.

Abu biyu iyalai kan koma gare su in sun gaji, igiya da ƙwaya. Ɗaure mutum a ƙafar gado ko kulle shi a ɗaki yana ƙara masa firgici, yana kawo gyambo da faɗuwa, yana karya abin da ya rage na mutuncinsa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2020 kan ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa a ƙasashe 60, Nijeriya na ciki. Ƙwayar barci da ake saya a kemis ba tare da likita ba kuwa takan bar tsoho yana layi har ya faɗi ya karya ƙugu. Magunguna masu ƙarfi na masu taɓin hankali su ma da haɗarinsu: a 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa wa wasu daga cikinsu gargaɗi mafi tsanani saboda suna ƙara yawan mutuwa a tsakanin tsofaffi masu mantuwa, a 2009 kuma rahoton Farfesa Sube Banerjee a Ingila ya ƙiyasta cewa mutum 180,000 ake ba su, kuma suna jawo ƙarin mutuwar kimanin 1,800 a shekara. Ga mai nau'in Lewy, allurar haloperidol ɗaya tana iya sanƙarar da shi. Waɗannan magunguna suna da ranarsu, idan an duba ciwo da sauran dalilai ba a dace ba kuma rai yana cikin haɗari, amma da hannun likita, kaɗan, na 'yan makonni. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Libiya suna Tarabulus da Bangazi, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Sabha. A arewacin Nijeriya akwai na Kware a Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri.

Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti, kuma suna sanyaya zuciyar mai jinya da wanda ake jinya. Abin da ba shi da wurin zama shi ne dukan tsoho ko turara masa hayaƙi mai shaƙewa da sunan fitar da iska, ko kiran tsohuwa mayya don tana sambatu da dare. A watan Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, 'yar shekara 90, da duka a Kafaba ta arewacin Gana bisa zargin maita, mutane na tsaye suna kallo. Tsofaffin mata masu ruɗewa suna cikin waɗanda irin wannan zargi ya fi faɗa wa a Afirka ta Yamma.

Wadda ake mantawa da ita a duk wannan lamari ita ce mai jinya. Kusan kullum mace ce guda, mata ko 'ya ko suruka, wadda ba ta yi barcin kirki ba wata da watanni, tana rufe tabon cizo da mayafi. Ayoyin Suratul Isra'i da suka yi umarni da kyautata wa iyaye a tsufansu duk 'ya'ya suka hau kansu, maza da mata, na kusa da na nesa. Saurayin da ke ban ruwa a Ghuddwa alhali mahaifiyarsa na fama da mantuwa a Tasawa ko Matamaye, kuɗin da yake aikawa suna da amfani, amma saƙon WhatsApp na "a ƙara haƙuri" ba ya ɗauke wa ƙanwarsa dare ɗaya. Mai jinyar da ta kai maƙura ita ce wata rana za ta rama, ta zauna da nadama har abada, kuma laifin na waɗanda suka bar ta ita kaɗai ne.

Duk gidan da ke cikin wannan hali, 'yan'uwa su zauna a wannan mako su raba kwana, a ware daga kuɗin da ake aikowa abin da za a biya mai taimako, a sami namijin da zai ɗauki wankan Baba. A sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta lokacin da rikici ya tashi, da wanda ke wurin, da abin da ake yi, da abin da ya ci ya sha. Bayan mako biyu a karanta shi tare, sannan a tafi da shi wurin likita.